Kananzir da Alli

A shekarun da na yi a wata masana'antar zuba ƙarfe a Sharada, aikina duba kaya ne. Gangar famfon ruwa muke zubawa da narkakken alminiyam, kuma ba a rasa wadda iska ta maƙale mata, ta bar rami kamar hudar allura. Nakan jiƙa gangar da kananzir, in goge, in shafa mata garin alli. Jim kaɗan sai kananzir ɗin da ya ɓuya a ramin ya tsattsafo a kan farin. Nan nake ɗiga alama da gawayi, in miƙa wa mai walda.

Mai waldar dattijo ne daga Panshekara, ya girmi mahaifina. Yakan rarake ramin, ya cike, ya goge, har ni da na sa alamar in rasa wurin.

Lokacin da ƙarancin wuta ya sa aka fara rage ma'aikata, na lura yana lalube kafin ya sami ɗigona. Na san idan manaja ya gane idonsa ya yi rauni, shi za a fara sallama. Sai na koma zana da'ira mai faɗin murfin kwalba. Ya tambaye ni ko gawayi ne ya yi araha, na ce hannuna ne ke rawa. Ya yi dariya, ya ce sa'o'ina ba sa rawar hannu sai a gaban surukai.

Wata Laraba babban yatsana ya bar tabon gawayi a jikin lafiyayyar ganga. Dattijon ya ɗauka alama ce, ya rarake. Hannunsa ne ya gaya masa babu rami a wurin. Ya kira ni.

"Malam, tun yaushe kake gani a madadina?"

"Tun kafin azumi, Baba."

Ya ajiye gangar. Sannan ya yi mini godiya, ya ce amma famfon nan rijiyar wasu za shi, kuma ba za su san da da'irata ba. Ya cike ramin da ya haƙa da kansa, ya goge. Ranar Juma'a ya shiga ofishin manaja ba tare da an kira shi ba, ya ajiye aiki.

Bayan tafiyarsa na jiƙa gangar nan da ya cike, na shafa alli, na zauna ina jira. Babu abin da ya tsattsafo. Na daɗe ina juya ta, ina neman inda hannunsa ya taɓa.