Ranar da Allura Ta Shiga Ja Saboda Marta

Akwai wata ranar Alhamis da har gobe ba ta fita raina ba. Cikin shekarun saba'in ne, ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin ɗaukar sauti na wani gidan rediyo a Garwa. An kawo mana sabuwar na'ura, kwamfaresa. Aikinta ɗaya ne: in sauti ya yi tsalle, ta danne masa kai. Gitar bas, mai kaurin muryar nan, ita muka fi sa wa, don in ta yi ƙarfi ƙananan rediyoyi sai su kama karkarwa. Dokar shef ɗinmu, wato shugabanmu, Mushe Hamadu, kada allurar awon sauti ta kuskura ta shiga ja.

Sai ga makaɗa daga garin Poli. Mai bas ɗinsu Daniyel, dogo, ga kunya kamar sabon suruki. Waƙarsu ta jero sunayen 'yan mata ce, kowacce da kirarinta. Muka ɗauka a tef, na mayar musu su ji. Bas ya zauna daram. Ni har na gyara zama ina jiran yabo, sai Daniyel ya juyo gare ni.

"Yaya Isa, ina Marta?"

"Ba ka ji mawaƙi ya kira ta ba?"

"Ba sunan ba. Dukan."

Ashe a wajensu, in aka zo sunan wadda makaɗi yake so, sai ya ƙara wa tsirkiya duka, gari ya gane. Bakinsa ya kasa gaya wa Marta komai, ya dai aika mata ta saurari rediyo ranar Asabar. Ga wani direba daga garin Meiganga yana ta zarya a gidan su Marta. Na'urata kuwa ta daidaita Marta da Rahila da Saratu. Wallahi ya ba ni tausayi.

Na kai wa shef maganar. Ya ce, "Isa, nan rediyo ne, ba gidan dalilin aure ba. Regleman regleman ne, doka doka ce." Ya ɗauki hularsa. "Zan je azahar. Yau kuma addu'ata da tsawo."

Muka sake ɗauka, yatsana a kan maɓalli. Ana cewa "Marta", na kashe kwamfaresa. Daniyel ya sauke mata duka, allura ta faɗa ja har ta ƙi dawowa.

Ranar Asabar masu shayi suka yi ta bubbuga rediyoyinsu, suna zaton lalacewa ce. Ranar Litinin shef ya wanke ni tas a gaban kowa, sannan ya raɗa mini, "Ta ji?"

Ta ji. A wajen bikinsu a Poli, mahaifinta ya ɗauko wata rediyo da tun ranar ba ta daina karkarwa ba, ya ce mini, "Kai ne ka kashe mini wannan? Zauna, ka ci abinci."

Ku yaran yanzu, ku sa wa bas kwamfaresa, ban hana ba. Amma ita ƙarfin duka kawai ta sani. Kafin ku danne, ku tambayi makaɗi don wa ya yi shi.