Dodon da Rabi ta zana

Jiya da la'asar jikata Rabi ta shimfiɗa mini kwali a kan tabarma. Ta zana wani ƙaton dodo, ƙafa ɗaya a garin Damari, ɗaya a garin Gwaska. Wai wasa take haɗa wa ƙawayenta: a kewaye tebur, kowa ya zama jarumi, a jefa ɗan ludo a yaƙi dodo.

Na ce, "Amarya, wannan ai ya fi ni muni."

Ta ce, "Da kaɗan dai, tsoho. Faɗa mini, wanda dodo ya haɗiye ya fita daga wasan ke nan ko?"

Na ce, "Wa ya gaya miki? A tatsuniyar da aka yi mana, in an kashe dodo farke cikinsa ake yi. Mutane su fito, shanu su fito, har mai tallan fura da ƙwaryarta a ka, kowa da ransa."

Ta ƙura wa dodon ido. Babanta, ɗana na fari, tun daminar bara aka tare shi a hanyar gona aka shige daji da shi. Har yau ba labari.

Can ta ce, "Kowa da kowa, Kaka?"

Na ce, "Kowa da kowa."

Sai ta ɗauki biro ta ƙara wa dodon faɗin ciki, wai don kada su matsu kafin a zo.

Ni dai na kau da kai ina gyara hula. Jama'a, a tatsuniyar garinku ma haka ake fitowa? Allah Ya fito mana da namu.