Ranar da Muka Nemi Ungulu

Tun da Yaya Sani ya shiga dajin bayan garinmu bai fito ba, na koma yawan tuna kakarmu Inna Kulu, Allah Ya jiƙanta.

Ƙauyenmu yana ƙasar Tsafe, a gindin duwatsu. In sanyi ya shigo, bayan isha, Inna kan tara kara da ɓawon gyaɗa a ƙofar ɗakinta ta hura wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Yaya Sani ne mai gasa mana dankali a toka, shi ne kuma mai cinye rabinsa da sunan ɗanɗanawa. Gaskiya tsohuwar ba gwanar tatsuniya ba ce, takan kai tsakiya ta manta, ta koma farko. Guda ɗaya ce ba ta taɓa tuntuɓe a cikinta ba, ta ungulu.

"Ga ta nan ta iso, ku matsa mata wuri," in ji Inna. Mu ce ta zauna mu ji ta.

Wai a wani gari mahauta sun gaji da ganin ungulu a mayanka, suka ce ƙazama ce, ga sanƙo, suka bi ta da jifa har ta koma gidanta na tsamiya can cikin daji. Ba a jima ba mushe ya taru, karnuka suka yi ƙiba, ƙuda ya hana cin tuwo, ciwo ya shiga gida-gida. Ana cikin haka ɗan wata tsohuwa ya tafi itace bai dawo ba. Aka nema aka gaji. Tsohuwar ta ɗauki hanjin kaza ta je gindin tsamiya tana ba ungulu haƙuri.

A nan Inna kan shaƙe murya ta zama ungulu: "Kun raina ni don kaina ba gashi. Ni ko ban taɓa cin mai rai ba. Wanda duk yaf faɗi daji, ni ka hwaɗa ma danginai inda shi ke." Sai ungulu ta tashi ta yi ta jewa a wuri guda, mutane suka bi ta suka ɗauko yaron, aka yi masa sutura.

"To ai ya mutu, Inna, mene ne amfanin?" Ni ne na taɓa tambaya.

"Ɗan nan, uwatai ta san inda anka binne shi. Ba ka san mi wanga ka nuhi ba tukuna."

Inna ba a baki kawai ta tsaya ba. Duk ranar da aka yanka kaza sai ta jefa hanjin bayan danga ta ce rabon mai shara ne. Mu kuwa mu yi ta yi mata dariya.

Da na shiga jami'a a Gusau na karanci ilimin muhalli, wato yadda halittu ke rayuwa da juna. Malaminmu ya cika allo da zanen wa ke cin wa, a ƙasa ya rubuta masu share abin da ya mutu. Na ce a raina, ashe Inna ce ta zo da alli. Don haka binciken shekarar ƙarshe na zaɓi ƙirga ungulu a mayankar Gusau da Tsafe da Bungudu. Na yi ta sammako ina zama cikin warin jini har mahauta suka sa mini suna Sarkin Ungulu. Ko ɗaya ban gani ba. Wani dattijo a Bungudu ya ce masu neman kawunansu don magani sun gama da su, guba ake barbaɗa wa mushe, tsamiyoyin kuma sun zama gawayi. Na rubuta babu, na ci maki mai kyau, har na ji daɗi. Ina jin kunyar wannan daɗin.

Lokacin mun riga mun koma Damba, a gefen Gusau, saboda 'yan bindiga. Yaya Sani ya ce ba zai bar dawarsa ta lalace ba, ya koma ƙauye girbi. 'Yan bindigar suka zo a kan babura, mutane suka watse cikin daji. Wasu sun dawo da ƙafarsu, wasu an ɗauko su. Shi shiru, ko wayar neman fansa ba a yi mana ba.

Muka shiga nema tare da dattawan gari. Na lura Baba, in muka yi 'yar tafiya, sai ya tsaya ya kare rana da hannu ya dubi sama, kamar yadda ya saba tun yana kiwo in saniya ta ɓata. Sauran ma haka. Ni kaɗai na san abin da ba za su gani ba. Sama fes take, har muka juyo.

Kwanaki mahaifiyarmu na shanya a tsakar gida, ta ɗaga kai ta daɗe, sannan ta ce, "Kai da kak karance su, ba su dawowa?"

Na san ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, na san babu itacen da za ta sauka. Na ce mata Allah mai iko ne.

Tsohuwar cikin tatsuniya ta sami wadda za ta ba haƙuri. Tamu uwar har yau ba ta san inda ɗanta yake kwance ba.