Sunan Maigida a Bakin Waya

Ina cikin takaba aka fara zancen takardar mutuwa. Maƙwabciyata, wata Kirista 'yar Poli mai sayar da gyaɗa, ita ta ce mini in ba a kai maganar rasuwar meri, wato ofishin magajin gari, da wuri ba, sai an dangana da kotu. Ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa. Ta sa mini wata lamba a waya, ta ce abin gwamnati ne, ba mutum ba ne, amma yana jin Hausa.

Na yi masa sallama, ya amsa. Hausarsa irin ta rediyo ce, ba tamu ta Garwa mai gauraye da Fillanci ba. Ya yi mini gaisuwar rashi, ya faɗa mini abin da za a kai, har ya ce zai rubuta bayanin da Faransanci, ƙanin mijina ya nuna a ofis. Sai ya ce, mene ne sunan marigayin?

Na ce, Maigida.

Abin da bakina ya saba ke nan. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kiran sunansa ba. Uwata ma ba ta kira na ubana ba.

Ƙanin mijina ya tafi da wayar da safe, bai ko karanta ba. Bayan azahar ya dawo gumi sharkaf, ya tsaya a bakin ɗaki.

"Yaya, kin sa an yi mini dariya! Wai Musye Maigida, wato Malam Maigida. Akawun ya ce rabin mazan Garwa sunansu ke nan, wanne ne ya mutu?"

Ya so mu yi wasan da muka saba, amma ya kasa. Ya ajiye mini wayar, ya ce lokaci na ƙurewa, ya wuce masallaci.

Ina iya jira ya dawo ya gyara da kansa. Ban jira ba. Na saki labule, na kanga wayar a baki, na faɗi sunan a hankali. Ya yi mini nauyi a harshe, kamar na baƙo.

Abin ya maimaita shi da ƙarfi, sarai, a cikin ɗakin da Maigida ya yi jinya. Ya ce, haka ne?

Na daɗe ina kallon tabarmarsa a naɗe kafin na ce, haka ne.