Ƙarfen da Babana Ya Binne a Bayan Mangaza

Babana Sallau haƙar rijiya ya gada a Tirmini, ita ce kuma ta kawo mu Zinder ina 'yar shekara tara. Mai haƙar rijiya ba shi da wata dukiya sai yardar mutane, don ba wanda zai sha ruwa daga ramin mutumin da yake zargi. Baba yana da wannan yarda. Abin da ba shi da shi baki ne. Ko gaskiyarsa ce, in aka tsare shi da ido sai ya hau inda-inda, har ka ji kamar ka mare shi don tausayi.

Shekara biyu kafin samun 'yancin kai, Alhaji Dodo, wani attajirin gyaɗa a Zango, ya sayi injin niƙa mai aiki da lantarki. Ya ajiye shi a mangazarsa, wani ɗakin ajiya can ƙarshen fili, nesa da gidan. Aka kawo wani mushe, ma'aikacin lantarki ɗan Dahome, ya ja wutar ta ƙarƙashin ƙasa, aka ɗauki Baba ya haƙa hanyar waya.

Wayoyi uku suka shimfiɗa. Biyu Baba ya gane su, sun shiga cikin inji. Ta ukun ce ta rikita shi: jan ƙarfe tsirara, mushe ya ɗaure ta a jikin injin, ya ɗaure ta a ƙofar ƙarfe, ya fito da ita bayan mangaza. Nan ya sa Baba ya haƙa rami, suka kafa sandar jan ƙarfe, suka zuba gawayi da gishiri, suka haɗa wayar da sandar, suka rufe. Mushe ya yi dogon bayani da Faransanci, Baba yana ta gyaɗa kai, ko kalma ɗaya bai ji ba. Da 'yar Hausarsa mushe ya ƙare da cewa ƙasar Zinder ta bushe da yawa, a riƙa zuba wa wurin ruwa duk Juma'a. Ya hau mota ya tafi, ba a sake ganinsa ba.

To, Baba ya ce to, kuma shi in ya ce to an gama. Duk Juma'a sai ya ɗauki tulu guda, a garin nan da mata ke faɗa a kan guga ɗaya, ya je ya juye a ƙasa inda ko ciyawa babu. Innata Balki ta ce, "Malam, me kake shayarwa?" Ya ce, "Ƙarfe." Ta ce, "Tsiro zai yi?" Ya ce shi ma bai sani ba.

Da ƙafar Alhaji ta kumbura ta ƙi saɓewa, sai maƙwabta suka tuna da mai tulun Juma'a. Aka tone wurin. Ga gishiri, ga gawayi, ga jan ƙarfe da waya ta nufi cikin dukiyar mutum. A nan Damagaram in an tono irin wannan a bayan gida, sunansa ɗaya ne, sammu. Aka kira Baba, na bi shi.

Alhaji yana zaune da ƙafa a miƙe. Ya ce, "Sallau, mene ne wannan?"

"Na lantarki ne, Alhaji."

"Yana kunna fitila?"

"A'a."

"Yana juya inji?"

"A'a."

"To me yake yi?"

Baba ya dubi sandar, ya dubi ƙasa. Ya ce, "An dai ce in ba shi ruwa."

Wallahi da ni ce da na yi ƙarya mai kyau. Aka tumɓuke sandar, aka yanke wayar, aka kunna inji, ya tashi lafiya lau kamar ba a cire masa komai ba. Mutane suka ce ai ga shi nan. Daga ranar ba wanda ya sake kiran Baba haƙar rijiya, ya koma dakon buhuna a kasuwa.

Daminar shekarar 'yanci ruwa ya shiga mangaza. Gana, mai kula da injin, ya dafa jikin injin da ƙafa a jiƙe, lantarki ya ɗaga shi ya maka da bango. Ya rayu, amma hannun dama ya shanye. Ƙofar ma ta koma cizon duk wanda ya taɓa ta. Na yi murna, Allah ya yafe mini, don na ɗauka gaskiyar Baba ta fito. Ina! Cewa aka yi abin da aka tono ne ya yi fushi.

Alhaji ya aiko da goro da rago, a roƙi Sallau ya mayar da abinsa. Baba ya ƙi ragon, ya je ya mayar da komai yadda ya ga mushe ya yi, har ƙullin wayar a jikin ƙofa. Cizo ya tsaya. Shi ke nan, aka tabbatar babana boka ne, kuma gagarumi. Masu gudunsa suka koma zuwa a ɓoye, wannan a binne masa don kasuwa, wancan don maƙiyi. Yana korar su, suna cewa rowa ce.

Shekara goma sha ɗaya yana kai tulun nan, har ƙafa ta gaza. Ni sai da ɗana ya yi lakwal, makarantar boko, ya koyi aikin lantarki ya zaunar da ni ya ce, in wuta ta zube a jikin inji, wayar nan take bi ta shige ƙasa maimakon ta bi jikin mutum, gishiri da danshi kuma su ke buɗe mata hanya. Magana ce da ba ta kai tsawon gaisuwa ba. Lokacin Baba ya shekara shida a kabari.

Ranar da ya rasu, bayan an dawo daga maƙabarta, wani dattijo da Baba ya taɓa haƙa wa rijiya ya matso kusa da ni. Na zaci gaisuwa ce. Ya rage murya ya ce, "Lubabatu, marigayi bai bar miki lissafin gishirin ba?"