Katakon Malam Bitrus

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci Ista, shekarar da na shiga aji uku, muna gindin tsamiyar ƙofar gidanmu muna langa sai ga amalanken shanu ya ɓullo daga hanyar Ƙonni. Rana ta take, ƙasa har ƙona tafin ƙafa take yi, amma Malam Bitrus yana tafe a ƙasa gefen amalanken, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe wani akwati da ita, shi daga shi sai singileti. Duk ramin da taya za ta faɗa sai ya daka wa mai shanun tsawa: "Sannu-sannu, bawan Allah! Ba buhun albasa ka ɗauko ba!" Muka watsar da langa muka bi su a guje. Wani ya ce gawa ce, wani ya ce rediyon gwamna ne. A ƙofar coci ƙarti huɗu suka sauke shi, Malam ya yaye rigar, ya ɗaga murfi, sai ga haƙora farare da baƙaƙe a jere. Ya jawo benci ya zauna, ya ɗora yatsu. Wallahi abin da ya fito daga akwatin nan ban taɓa jin irinsa ba, kuma har yau ban sake ji ba. Awaki suka tsinke igiya, matan da ke daka suka tsaya da taɓare a sama, maƙwabtanmu Musulmi suka leƙo ta kan katanga suna tambaya, "Mi na na wanga kuma?" Ni kuwa na tsaya baki buɗe, na manta ma ƙafata ɗaya na riƙe a hannu tun daga wurin langa.

Ƙauyenmu yana bayan Gidan Katta, kuma gidajen Kirista ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Cocinmu ginin laka ne da rufin kwano mai yoyo. Malam Bitrus shi ne mai koya mana waƙa a cocin, shi ne kuma malamin waƙa a firamare, inda yake tara mu duka, Kirista da Musulmi har da 'ya'yan Fulanin ruga, a ƙarƙashin dogon yaro, ya rubuta do, re, mi da alli a jikin bango, ya sa mu yi ta hawa muna sauka har maƙogwaro ya bushe. Gajere ne, baƙi, mai wushirya, kekensa ba birki sai dai ya ja ƙafa a ƙasa. Ba mai kuɗi ba ne, gonarsa ma ba ta kai rabin tamu ba. Akwatin nan, wanda ya ce sunansa ogan, wata tsohuwar majami'a ce a tsallaken iyaka za ta jefar da shi, ya yi ta sintiri a keke yana roƙo har suka gaji suka ba shi. A cikinsa akwai zuga-zugi irin na maƙera, a ƙasa kuma matakai biyu kamar na keken ɗinki. Sai an taka iska ke shiga, sai da iska haƙoran ke magana. Zuga-zugin ya tsufa ya yayyage, Malam ya lilliƙe shi da fatar akuya da ƙaro, saboda haka yake lallaɓa shi kamar jariri. Ya sa wa ogan ɗin kwado, makullin kuwa a wuyansa yake kwana.

Mu goma sha wani abu muka je muka ce muna son koyo. Mun zaci zai buɗe kwado ne. Ina! Sai ya shiga ɗaki ya fito da wani dogon katako, ɓarin tsohon ƙyaure, wanda ya zana wa haƙora da farar ƙasa da gawayi, kowanne ya auna faɗinsa da tsinken tsintsiya daidai da na ogan. Ya shimfiɗa tabarma a zaurensa, ya ce mu harɗe ƙafa mu zauna. Ka danna katako da yatsa, ka rera sautin da bakinka. In yatsa ya kauce, karan dawa ya sauka a bayan hannunka tun kafin ka san ka yi kuskure. "Katako ba ya hwashewa," in ji shi, "zuga-zugi na hwashewa. Ku ci katako tukun." Cikin sati uku yara suka watse, suka ce ba za su zauna suna shafa ƙyaure kamar mahaukata ba. Muka rage mu biyu, ni da Rahila 'yar mai tsaron coci, wadda muryarta ta fi yatsunta, bakinta kuma ya fi muryarta. Kullum sai ta ce mini, "Ayuba, yatsunka awa rogo, ogan ɗin ma tsoronka zai ji."

Ni dai abin ya shige ni kamar aljani. Damina ta sauka, aiki ya taso, amma duk abin da hannuna ya taɓa ya zama katako. Ina noma ina danna ƙotar hauya. Ina kan jaki za mu rijiya ina kiɗa a wuyansa, shi kuma yana kaɗa kunne. Bakin turmin Inna, murfin tukunya, bayan ƙanena in yana barci, cinyata a cikin aji lokacin lissafi, wanda shi ya sa har yau lissafina bai wuce na canjin sefa ba. Da gero ya fara ido aka tura ni korar tsuntsaye, na hau rumfar gona da gwangwani da igiya, na shagala da do, mi, so, tsuntsaye suka yi biki a kunya uku. Nan Baba ya same ni. Bai doke ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi yatsuna suna rawa a kan itacen rumfa ya ce, "Wanga abu da kaka yi, kiɗi na ko ƙaiƙayi? Wata shida ban ji komi ba sai ɓarna. Ran godiyar kaka in ji da kunnena. In ban ji ba, ka bi kawunka Ƙonni ɗaukar kaya, an gama." Baba ba ya magana biyu. Kawuna kuwa na san shi, na ga kan yaransa duk ya sanƙe saboda dakon buhu.

Na kai wa Malam maganar ina kuka da majina. Ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce to, waƙar godiya mai baiti huɗu ni zan kaɗa ta, Rahila ta ja baki. Kai, ranar ban taka ƙasa ba har gida! Sati biyar muka yi a kan waƙar nan, har na iya ta ido rufe, har karan dawa ya yi ƙura a lungu don ba a bukatarsa. Malam ya yi alkawari ranar Asabar, jajibirin bikin, zai buɗe mini kwado in gwada sau ɗaya. Amma ranar Juma'a Fulani suka aiko cewa Litinin za su saki shanu cikin karan gonaki kamar yadda aka saba, mu kuwa geronmu na zube ba a ɗaure ba. Asabar ɗin nan tun hantsi muke ɗaurin dami muna jida a jaki, ban ɗaga kai ba sai da rana ta faɗi. Ban sami gwaji ba. Ko a jikina, don a ganina me ya rage? Yatsu sun iya.

Ranar Lahadi coci ta cika har waje. Gaban bagade dammunan gero da dawa, kabewa, kwandunan wake, gyaɗa, zakaru a ɗaure suna ta cara a tsakiyar addu'a. Matan zumunta sun sha anko, maƙwabta sun jeru a tagogi don an baza labari ɗan gidan Baba zai taɓa akwatin Malam. Baba na bencin dattawa ya naɗe hannu a ƙirji. Da lokaci ya yi Malam ya ciro makulli daga wuya, ya ɗaga murfi, ya zaunar da ni, ya raɗa mini, "Taka ka danna, ɗiyana. Kak ka bar takawa." Na taka, na danna. Sauti ya tashi daga ƙarƙashin yatsuna, nawa, ni Ayuba! Tsigar jikina ta tashi, na ji kamar ƙirjina ne ke kukan ba akwatin ba. Rahila ta ɗauka, jama'a suka amsa, kwanon rufi ya ɗauki amo. Muka ci layi na farko, muka shiga na biyu, yatsuna na gudu kamar ba nawa ba. Sai na ji sautin yana siririncewa, yana shaƙewa, ya yi wani gurnani irin na akuyar da aka yanka, ya mutu. Yatsuna ba su tsaya ba, suna ta danna haƙora daidai, ba kuskure ko ɗaya, amma shiru kake ji, sai ƙwas-ƙwas. Wata bakwai ina kiɗa a zaune a tabarma da ƙafa a harɗe. Da hankalina ya koma kan yatsu, ƙafafun suka yi abin da suka saba, suka naɗe a ƙarƙashin benci suka kwanta.

Jama'a suka rarrabu, wasu suka yi shiru, wasu suka ci gaba a karkace. Yara a taga suka fashe da dariya, wani ya ce, "Ya kashe shi!" Na nemi matakan da ƙafa na rasa, idona ya cika da ruwa, ban ga komai ba sai Ƙonni da buhuna. Ban san lokacin da Malam ya zo ba. Na dai ga farar rigarsa ta Lahadi, wadda matarsa ta sa wa bula ta kai wa mai bugu, ta zube a ƙasa gefen ƙafata. Dattijon nan ya durƙusa a turɓaya gaban dukan gari, ya cusa kai ƙarƙashin ogan, ya ɗora tafin hannu ɗaya a kowane mataki, ya fara dannawa, dama, hagu, dama, hagu, kamar mai kwaɓa ƙasar gini. Ya ɗago ido ya ce, "Mi kaka jira? Ni ad da ƙahwa, kai ad da hannu. Tahi!" Iska ta shiga, akwati ya farka. Rahila, Allah ya saka mata, ta sake ɗauko baitin daga farko da wata murya kamar za ta tsaga kwano, ta kuma harare ni don kada in ɓata mata. Muka tafi! Baiti huɗu cur, hularsa ta faɗi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, bai sassauta ba. Mata suka saki guɗa, tsofaffi suka miƙe suna rangaji, masu dariyar taga suka koma tafi, zakaru ma suka sa baki. Da muka kai ƙarshe ya fito da rarrafe, rigar ta zama ja, ya tsaya yana haki yana dariya, wushiryar nan duk a waje. Ya ce wa jama'a, "Laihina na, ban koya mai ƙahwa ba."

Muka kama hanyar gida, Baba na gaba ina biye. Sai da muka kai ƙofar gida ya tsaya, bai ko dube ni ba, ya ce, "Na jiya. Mutum awa Malam ya sa gwiwa ƙasa saboda kai, ni wa ni da zan hana? Gobe ka koma. Amma ka ba jaki ruwa tukun." Da yamma ya ɗora mini damin gero mafi girma a ka, ya ce in kai gidan Malam. Washegari na tarar Malam ya ɗora katakon a kan turame biyu, ya ajiye tsofaffin takalman soso a ƙasa don mu riƙa takawa. Shekara uku na ƙara a hannunsa, har ya zamana in zazzaɓi ya kayar da shi ni yake miƙa wa makulli.

Daga nan kuma rayuwa ta yi abin da ta saba yi wa irinmu. Baba ya kwanta ciwo, na bar makaranta a aji biyu na sakandare, yau shekara da shekaru ina kabu-kabu tsakanin Illela da Ƙonni, yatsun da suka iya baiti huɗu ido rufe sun ƙare a kan birki. Coci ta samu ginin siminti da janareta da wani ogan na lantarki mai kama da faranti wanda yaro zai danna maɓalli ɗaya ya yi ta kiɗa da kansa. Aka ce wa Malam ya huta, ya tsufa. Aka tura ogan ɗakin ajiya, gara ta gama da shi cikin damina biyu. Shi kuwa bai fasa zuwa ba, yana bencin baya, in yaran suka kauce sai ka ga ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Daminar da ta wuce ya rasu. A wurin jana'iza waɗanda suka ture shi su suka fi kowa dogon jawabi, ni ina tsaye a baya ina cizon leɓe. Amma ba zan yi ƙarya ba, ni ma sau nawa na wuce ƙofar gidansa da fasinja, na yi hon kawai ban tsaya ba.

Yanzu kiɗa ya yi yawa, kowane shago da lasifikarsa, kowane aljihu da wayarsa, ba ka rasa sauti ko ka toshe kunne. Wanda zai ɓata rigarsa don a ji ɗan wani ne ban ƙara gani ba. Na yi arba'in da ɗoriya a duniya, mutum ɗaya ne ya taɓa durƙusa mini, kuma ban ce masa na gode ba.