Sau ɗaya na rubuta sunan Shatu

Ina tsaye bayan ƙaramin asibitin da nake aiki a yankin Doguwa, na ɗaga waya sama ina neman sabis. A ciki kuwa Shatu ce kwance, 'yar wani makiyayi, maciji ya sare ta wajen ɗebo itace.

Dole in tura wa babban asibiti buƙatu da yawa: rajistarta, mota, gado, da allurar kashe dafin maciji. A da, kowace buƙata sai na sake rubuta sunan majinyaci, lambarsa da lambar asibitinmu. Kafin in gama ɗaya, sabis ya ɗauke.

A sabuwar manhajar da aka saka mana kuwa, a saman shafin kawai na rubuta su. Sauran buƙatun duk suka ɗauka daga can. Sabis na leƙowa na danna, suka tafi a dunƙule.

Mahaifinta ya biyo ni.

"'Yata, har kin gama? Kada fa su rikita ta da wata."

Na ce, "Baffa, sau ɗaya na faɗi ko wace ce. Direba da mai magani da mai ba da gado, duk wuri ɗaya suka karanta."

Ya kalli wayar, sannan ya ce, "Ikon Allah!"

Kafin motar ta kai su, allurar na jiranta. Jiya Shatu ta zo gaishe ni da ƙafarta.

Ban san wanda ya zauna ya yi wannan tunanin ba, amma kullum yana cikin addu'ata. Ku fa, wace 'yar dabara ce ta taɓa cetonku haka?